Yankan Bahaguwa

Kofin shayi ne ya fara tona asirin. Sawako ta cika shi taf, ta ɗora a kan bonet kamar yadda mahaifinsu yake yi a zamaninsa, ta ce da yayanta ya tayar da motar. Tokuji ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu ta kama, sai ga shayi yana rawa a cikin kofi, yana tsalle, har ya malalo ya bi jan fentin da mutumin ya yi wata huɗu yana gogewa.

"Ke! Fentina!" Tokuji ya ɓalle ƙofa ya fito da farin ƙyalle a hannu.

"Fentinka ko?" in ji Sawako. "Inji yana neman ya tsinke ya fito waje, kai fenti kake gani. Yaya, robobin nan matattu ne. Ka cire su."

"Ba a taɓa amfani da su ba. A cikin kwalinsu na same su, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba."

"Kai ma da za a rufe ka a kwali shekara arba'in da shida, ai ba za ka fito kana gudu ba."

Goge fentinsa kawai yake yi. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan game da shi tun suna yara: in an faɗa masa gaskiyar da ba ya so, sai ya nemi wani abu ya kama gogewa.

Sawako Gonda shekararta sittin da biyu, kuma ita ke riƙe da ɗan shagon roba da mahaifinsu ya bari a wani lungu na gabashin Osaka, inda kusan kowane gida ƙasansa wurin ƙira ne, samansa wurin kwana. Tokuji ya girme ta da shekara huɗu. Tun yana ɗan sha takwas ya tafi Tokyo karatu, ya zarce aikin ofis a wani kamfanin inshora, ba a ganinsa sai sabuwar shekara, ya kwana biyu yana ƙorafin warin roba ya koma. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida, ya yaye tamfol ɗin da ke kan motar Baba, jar mota mai dogon hanci da kujera biyu kacal, ƙirar shekarar 1970, ya ce shi zai tashe ta.

A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Shekara biyu yana bin ta noti bayan noti. Sai dai ya faɗa hannun wata ƙungiyar masu tsofaffin motoci, tsofaffi masu hutu da yawa, waɗanda dokarsu ɗaya ce: kada a sa wa mota komai sai abin da aka ƙera a zamaninta. Wanda ya cika wannan sharaɗi suna ba shi ɗan allon tagulla ya maƙala a gaban mota. Daga wurinsu ya koyo sa farar safar hannu kafin ya taɓa sitiyari, ya kuma rataye wata a bakin gareji saboda baƙi. Sawako ba ta taɓa sa ta ba, shi ya sa ita ma ba ta taɓa taɓa sitiyarin ba.

Da wasan tsofaffi ne kawai, da ba ta ko ɗaga kai ba. Amma saura kwana tara a yi wa mahaifinsu addu'ar shekara talatin da uku, wadda daga ita ba wata, domin bayanta mamaci ya shiga sahun kakanni, ba za a sake taruwa a kan sunansa shi kaɗai ba. Mahaifiyarsu Hatsue, mai shekara tamanin da shida, abu ɗaya ta roƙa: a kai ta haikalin da ke kan dutsen Ikoma a cikin motar mijinta. Hanyar kuwa hawa ce zalla da kwana-kwana, gefe guda dutse, gefe guda rami. Injin motar nan, da duk nauyinsa, a kan dunƙulen roba biyu yake zaune, kowane bai fi dunƙulen hannu ba, roba ce manne tsakanin farantan ƙarfe biyu. In ɗaya ta yage a tsakiyar hawa, inji zai karkace, fanka ta ci lagireto, ko abin da ya fi haka muni, kuma tsohuwar ce a zaune a ciki.

Sawako ta san robar nan fiye da yadda ta san fuskarta, don a shagonsu ake yi wa kamfanin motar ita a wancan lokacin. Tsohon mazubin yana nan a kan kanta ta sama, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ta sauko da shi, ta yi mako uku tana kwaɓa da gasawa, ta ɓata guda goma sha ɗaya kafin ta sami taurin da take so, domin ba iri ɗaya ba ne: ta dama ta fi ta hagu tauri kaɗan, saboda ɓangaren da inji ke kwantawa in an taka mai. Ta naɗe biyun a jarida ta kawo masa har gareji. Ko kwance naɗin bai yi ba. Ya ajiye a kan benci kusa da gwangwanin giris, ya jawo wani tsohon kwali da ya samo a wurin wani mai tara tsofaffin kayan mota a garin Niigata, ya buɗe shi a hankali kamar mai buɗe kwanon abincin baƙo. Guda huɗu ne a ciki, da tambarin shekarar 1972, a gindin kowace kuma ga ɗan zanen furen da shagon Gonda yake bugawa.

"Dubi nan," ya ce. "Hannun Baba ne ya yi su. Hannunsa da kansa."

A ranar ta buɗe baki za ta yi magana, ta mayar ta rufe. Shekara arba'in da shida tana haɗiye wannan maganar, maƙogwaronta ya saba. Ya ɗaura biyu a motar, ya jera biyu a kan kanta don ado, shi ne yau kofin shayi ya faɗi abin da ita ta ƙi faɗa.

"Ba ni ɗaya daga na kan kantar," ta ce.

"Sa safa tukuna."

Ta yi tsaki, ta miƙa hannu ta ɗauko da kanta. Ta danna farcen babban yatsanta a jikin robar, yadda Baba ya koya mata: roba mai rai farce zai shige ta, kafin ka ja numfashi sawun ya ɓace. Wannan ko gezau ba ta yi ba, sai ma wani baƙin gari da ya maƙale mata a farce.

"Ka gani? Dutse ne. Sannan ɗigon fentin da ake sa musu, fari na hagu, ja na dama, duk sun koɗe sun zama kala ɗaya. Da me ka gane wadda za ka ɗaura a ina?"

"Ai duk kamarsu ɗaya."

"Wato canka ka yi. Canka ka yi da ran Mama."

"Sawako, kada ki kawo min raini. Na karanta littafin motar nan daga bango zuwa bango sau uku."

"Littafin ne zai riƙe injin a kan Ikoma?"

Ya nuna mata ƙofa da ƙyallen hannunsa. Ta fita ta bugo ƙofar har safar baƙi ta faɗo daga ƙusarta. Yinin nan ma'aikatanta biyu ba wanda ya yi gigin tambayarta ko ina almakashi yake.

Washegari Asabar, da hantsi, shugaban ƙungiyar ya zo duba motar. Sunansa Nabeshima, tsohon likitan haƙori ne, gajere, da ɗan madubi mai sanda irin wanda yake zura wa mutane a baki, yanzu kuma ƙarƙashin motoci yake zura wa. Tokuji ya sa Sawako ta kawo musu shayi da wainar shinkafa mai zaƙi, kuma ta kawo, don baƙo ba ruwansa da rigimar gida. Ta tsaya a gefe da faranti a hannu tana kallon yadda yayanta ke rusunawa kamar wuyansa zai karye.

Nabeshima ya haska tocila, ya zura madubinsa, ya daɗe yana leƙe. Can ya ɗago yana jinjina kai.

"Gonda-san, ka ga abin da ake nema ke nan. Na asali, da tambarinsu da komai. Rabona da ganin irinsu an fi shekara goma." Sai idonsa ya faɗa kan naɗin jaridar da ke kan benci. Ya ɗage gefe da yatsa ɗaya. "Waɗannan fa?"

"A'a, yallaɓai, ba ruwansu da motar."

"Na ji daɗi. Ka san jabu sun cika gari yanzu, kowa da ɗan injinsa a bayan gida sai ya zuba baƙar roba ya ce ya yi."

Tokuji ya yi 'yar dariyar nan ta mutanen ofis. "Ƙanwata ce take ɗan taɓa aikin roba. Karatu ne bai karɓe ta ba tun tana yarinya, sai Baba ya ajiye ta a shago. Ta yi ƙoƙari dai, amma ina za a haɗa da hannun tsoho."

Take ɗan taɓawa. Sawako ta ji maganar ta shige ta har tafin ƙafa. Ta sha jin zancen karatun nan daga bakinsa, a gaban matarsa, a gaban 'ya'yansa, a kan tabarmar cin abincin sabuwar shekara, kullum da dariya, kullum ta bar shi ya wuce. Yau dai bai wuce ba. Ta ajiye farantin a kan bonet, a kan jan fentin, da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi ƙara. Ta ɗauko roba ɗaya daga kan kanta, ta nufi matsin ƙarfen da ke ɗaure a bakin benci, ta danne farantin ƙarfen robar na ƙasa a ciki, ta kama na sama da babban sifana.

"Sawako! Me za ki yi? Ajiye!"

Ba ta ma sa ƙarfinta duka ba. Murɗawa ɗaya ta yi, robar ta rabu biyu kamar busasshen burodi, gari ya zubo ƙasa. Ta kwance, ta ɗauko tata daga cikin jarida, ta danne, ta kama da hannu biyu ta murɗa har jijiyoyin wuyanta suka fito. Robar ta lanƙwasa, ta saki, ta koma yadda take.

"Ga na asalinku, ga jabu," ta ce da Nabeshima. "Yallaɓai, in mahaifiyarka ce za ta hau dutse, a kan wacce za ka ɗora ta?"

Likitan ya dubi garin roba a ƙasa, ya dubi agogonsa, ya tuna cewa ana jiransa a wani wuri. Ya rusuna sau uku kafin ya kai ƙofa, ya bar wainarsa da cizo ɗaya a jiki.

Tokuji ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin da farar safarsa. Da ya ɗago, fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Kin san abin da kika fasa? Kin sani? Guda nawa suka rage a duniya da hannun Baba ya taɓa? Baƙin ciki kike yi, ba wani abu ba. Tun da na dawo gidan nan kike baƙin ciki!"

"Baƙin ciki da me? Da safarka?"

"Ke kin zauna da shi shekara da shekaru. Ni me nake da shi? Ranar da ya mutu ina cikin jirgin ƙasa, ban same shi da rai ba. Wannan kaɗai nake da shi, ki zo ki murƙushe min a gaban baƙo!"

Da wata rana ce, wataƙila da maganar ta sanyaya mata jiki, don gaskiya ce, kuma idonsa ya kawo ruwa. Amma idon Sawako ya riga ya rufe. Ta fizge rabin robar daga hannunsa, ta kai masa har gaban hanci.

"Sa tabaranka. Sa, na ce! Ka ga gefen nan inda aka datse tozon da ke fitowa daga mazubi? Ina yankan ya kwanta?"

"Ni ina ruwana da inda..."

"Baba da wane hannu yake riƙe almakashi?"

"Da dama mana."

"Wa ke bahago a gidan nan?"

Ya dubi hannunta na hagu. Ta jawo tata sabuwar ta ɗora kusa da tsohuwar. Yankan iri ɗaya ne sak, ya kwanta baibai, da ɗan ƙugiya a ƙarshe inda almakashin na-dama yake ƙin bin hannun hagu.

"A watan biyu na shekarar da aka buga a jikin nan, injin matsi ya kama hannun Baba. Wata goma sha huɗu ko cokali ba ya iya riƙewa. Da kamfani ya ji, da sun kai aikin wani shago, da karatunka ya tsaya a nan. Sai aka ɓoye. Shekarata goma sha shida, ina ta biyu a ajinmu, Yaya, ta biyu! Malaminmu har gidan nan ya zo sau biyu yana roƙo. Aka cire ni aka tsayar da ni a gaban injin nan, daga safe zuwa yamma, Baba yana zaune a kujera da hannu a naɗe yana min tsawa. Duk robar da ta fita shagon nan a wannan shekarar ni na kwaɓa, ni na gasa, ni na datse. Wadda kake wa sujada a kwali tawa ce. Wadda ka bar wani mai cire haƙori ya kira jabu, ita ma tawa ce. Bambancinsu ɗaya, waccan ban iya ba tukuna."

Ta naɗe hannun rigarta ta nuna masa tabon da ya bi damtsenta layi-layi.

"Wannan kuma da kake cewa na cika ganganci a kicin, to ba tukunya ba ce."

Tokuji ya kafe tabon da ido. Sai suka ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa. Hayaniyar ce ta sauko da Hatsue daga sama, ga ta nan tsaye, 'yar ƙarama, a lanƙwashe, tana dubansu ɗaya bayan ɗaya.

"Mama," in ji Tokuji, "gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Babanku ya ce kada a gaya maka, wai hankalinka zai rabu biyu. Da ka gama kuma ya ce a bar maganar, ta riga ta wuce."

"A wurinsa ta wuce," in ji Sawako. Ta juya kan tsohuwar, don fushin ya isa kowa ya samu. "Ke ma, Mama. Kina zaune Yaya yake cewa ba ni da kan karatu, kina zuba masa miya. Shekara nawa? Ko sau ɗaya ba ki ce masa ya isa ba."

Hatsue ba ta kare kanta ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban ce ba."

"Ni dai na faɗa muku. Muddin waɗancan duwatsun suna ƙarƙashin injin nan, Mama ba ta shiga motar nan. In ya so a ɗauke ta a akori-kurata, Baba ya yi haƙuri."

Ta kwashi kofunanta ta fita. Farantin ya bar zobe a kan fentin, kuma wannan karon ba wanda ya ɗauko ƙyalle.

Kwana biyu ba su yi magana ba. A tebur ɗaya suke cin shinkafa, kowa na miƙa wa tsohuwar abin da take so ba tare da ya dubi ɗan'uwansa ba. Sawako ba ta yi nadama ba ko kaɗan, abin da ya dame ta ma shi ne da ta faɗa fushin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, ya riƙa tono mata abubuwan da ta zaci ta manta. Ta tuna lokacin da Baba ya sayo motar nan hannu na biyu, bayan hannunsa ya warke, yana bugun ƙirji a lungu cewa robar shagonsa ce a ƙarƙashinta. Ita ke wanke ta duk Lahadi. Ya ɗauki Mama a ciki, ya ɗauki Tokuji daga tasha, ya ɗauki har mai sayar musu da gawayin roba. Ita kuwa duk sanda ta matso sai ya ce, "Hannunki zai ɓata kujera."

Ranar Talata da safe tana tsaye a gaban injin matsi, Tokuji ya shigo shagon. Babu safa. Hannunsa baƙi ƙirin da giris, ya ƙuje a gwiwar yatsu biyu, a kowane hannu kuma yana riƙe da robarta ɗaya. Ya tsaya a tsakiyar warin da ya yi shekaru yana gudu, ma'aikatan suka sulale waje shan taba.

"Na ɗage injin da jak, na cire waɗancan," ya ce. "Ta daman ta riga ta fara tsagewa." Ya ɗago na hannunsa. "Ba ki sa musu ɗigo ba. Wacce ce ta hagu?"

"Ba ta cikin littafinka?"

"Sawako."

"Danna farce ka ji."

Ya danna wannan, ya danna waccan, ya sake dannawa. "Ni duk ɗaya nake ji."

"Ai dole. Hannun da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba." Ta karɓe su, ta taɓa kowacce sau ɗaya, ta miƙa masa. "Wannan hagu. Kada ka ƙulle notin sai inji ya zauna da nauyinsa. Allon tagullarka fa?"

"Na kira Nabeshima na gaya masa. Ya ce abin takaici ne."

"Ya ji da takaicinsa."

Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa gare ta. "Ban sani ba," ya ce.

"Na san ba ka sani ba. Shekara arba'in da shida kana zuwa gidan nan, ko sau ɗaya ba ka ce, Sawako, ya aka yi kika bar makaranta ba. Ka sami amsar da ta yi maka daɗi ka riƙe. Je ka ɗaura robarka, ina da aiki."

Da azahar ya aiko a ce ta zo da shayi. Ta cika kofi ta ɗora a kan bonet, ya tayar. Injin ya kama da wata murya mai kauri, shayin ya ɗan motsa sau ɗaya ya kwanta, har fitilar rufin gareji ana gani a cikinsa. Ya taka mai, ya saki, ko ɗigo bai zuba ba. Tokuji ya leƙo ta taga yana jiran ta ce wani abu. Ta ɗauki kofinta ta shanye ta koma shago.

Lahadi ta zo da rana mai kyau. Duk su ukun suka fito cikin baƙaƙen kaya. An fito da motar lungu, maƙwabta sun tsaya a ƙofofinsu suna kallo, bayanta kuma ga farar akori-kurar shago, an ɗora mata furanni da turaren tsinke da bokitin wanke kabari. Tokuji ya taimaka wa tsohuwar ta zauna, ya gyara mata bel, ya ɗora mata hoton mijinta a cinya. Sawako ta nufi akori-kurarta, sai ya sha gabanta. Makullin jar motar ne a tafin hannunsa.

"Ke za ki kai ta."

"Kai ne babba. Mutane na kallo."

"Su kalla. A kan aikinki take zaune."

Ta daɗe tana duban makullin. Sannan ta lura da abin da ke ƙarƙashinsa: farar safa, a ninke, sabo ya sa ya haɗo mata da ita bai ma sani ba. Ta zare makullin, ta ɗauki safar da yatsu biyu ta cusa masa a aljihun gaban kwat.

"Riƙe kayarka. Giya ta biyu tana da gardama a akori-kurar, sai ka taka kuloci sau biyu. In ka zubar min da furanni, a ƙafa za ka ƙarasa."

Ta buɗe ƙofar da ta wanke sau ɗaruruwa, ta shiga ta zauna. Kujerar ta yi ƙasa sosai, tana warin tsohuwar fata. A madubi ta ga yayanta ya tayar da akori-kurar ta mutu, ya sake tayarwa ta sake mutuwa, mai shagon walda yana masa dariya a fili.

Hatsue ta shafa gilashin hoton da ke cinyarta. "Ba don kujera yake hana ki shiga ba," ta ce a hankali. "A nan ciki wuri ya yi ƙunci, dole ya ga hannuwanki kusa da nasa. Ba ya iya kallonsu."

Sawako ta dubi hannuwan nata. Ta wanke su sau uku da safen nan, amma baƙin yana nan a cikin kowace tsaga da gindin kowane farce, inda ya zauna tun tana 'yar sha shida. Abin da ta ji a ranta ba tausayi ba ne.

"Juyo da hoton ya fuskanci nan," ta ce.

Tsohuwar ta juyo da shi. Sawako ta ɗora hannuwanta biyu a kan sitiyari, a fili, inda zai gan su tun daga lungu har kan dutse, ta sa giya ta ɗaya da hannun hagu, ta ja motar.